Mayar da sitiyarin Fijo 504 zuwa mai fawa

Malam, ka ce sitiyarin 504 ɗinka yana gajiyar da kai wajen fakin, kana son ka mayar da shi mai fawa, wato mai na'urar da ke sauƙaƙa juya shi. Yana yiwuwa, amma kafin ka kashe ko kwabo, duba iskar tayoyin gaba, da bol-joyin (mahaɗin ƙafar mota), da alaimen (saitin tayoyi). Sau da yawa nauyin daga nan yake, balle in an sa mata tayoyi masu faɗi.

In duk lafiya suke, hanya biyu ce. Ta farko ta mai: rak mai fawa (ƙarfen da ke karkata tayoyin gaba in an juya sitiyari), famfo, tankin mai, tiyo biyu, bel, da fulin da zai juya famfon daga inji. Shawarata ka nemi kayan gaba ɗaya daga mota guda, galibi Fijo 505, a kasuwar Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Tsince-tsince ne ke jawo wahala, musamman ƙarfen da ke riƙe famfo; in bai daidaita da fuli ba, bel zai riƙa tsinkewa. Tiyon matsi kuwa, wato wanda ke kai mai daga famfo zuwa rak, sabo za ka saya, kada ka yarda da tsoho.

Ta biyu ta lantarki ce, ana ɗaura ƙaramin moto a sandar sitiyari. Ba yoyon mai, sai dai tana jan wuta sosai, don haka a gwada altaneta, na'urar da ke cajin batir.

Abin da nake roƙonka: kada kowane mai walda ya yanka sandar sitiyari ya haɗa. Wannan aikin ƙwararren bakanike ne, rai ne a kai. Bayan an gama a sake alaimen, kuma ka adana tsofaffin kayan, ko wata rana ka so mayar da ita yadda take.