Tambaya da Amsa: Wai an gano wata duniyar da za a koma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan an wuni lafiya. Dan Allah wani bidiyo ne ke ta yawo a zaurenmu na WhatsApp, wai hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gano wata duniya sak irin tamu har da koguna da itatuwa, wai masu kuɗi sun fara shirin ƙaura. Jiya a majalisa musu ya kaure har aka kira isha'i. Mi ne ne gaskiyar maganar?
Daga wani ɗalibi, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. To duniyoyi kam an gano, kuma da yawa, tun 1995 da Michel Mayor da Didier Queloz suka gano ta farko mai zagaya tauraro irin ranarmu ake ta samu, a 2022 adadin ya haura 5,000. Amma kogunan nan da itatuwan da ka gani zane ne na kwamfuta, babu wanda ya taɓa ɗauko hoto irin wannan.

Galibinsu ma ba a ganinsu fa. Abin da na'urar hangen nesa ta Kepler ta yi daga 2009 zuwa 2018 shi ne ta zuba wa taurari ido tana auna haskensu, in duniya ta gifta ta gaban tauraronta sai hasken ya ɗan rage kaɗan, in raguwar tana maimaituwa a kan lokaci sai a ce lallai akwai abin da ke zagayawa. Kamar kana Katsina ne ka gane sauro ya gifta gaban fitilar mota a Daura. Daga nan ake lissafa girmanta da tazararta da tauraron.

Tazarar nan ita ce ake ta zuzutawa, wato ba kusa sosai ba balle ruwa ya ƙafe, ba nesa ba balle ya daskare. Iyakarta ke nan, ba a ce an ga ruwan ba. Sai an san irin iskar da ta lulluɓe ta, kuma nan ne aikin yake. Dubi Zara matar wata, girmanta kusan ɗaya da duniyarmu amma zafinta ya haura digiri 450 saboda kaurin iskarta. Tauraron TRAPPIST-1 na da duniyoyi 7, da na'urar hangen nesa ta James Webb ta leƙa wadda ta fi kusa da shi a 2023 ba ta ga alamar iska mai kauri ba.

Batun ƙaura kuwa ka gaya wa 'yan majalisa su kwantar da hankali. Mafi kusa da mu ita ce Proxima b da aka gano a 2016, shi kansa haske sai ya yi sama da shekara 4 kafin ya isa, kumbon Voyager 1 mai gudun kilomita 17 a daƙiƙa ɗaya kuwa da can ya nufa sai ya shafe sama da shekara 70,000 a hanya.