Mun yi sulhu a kan gona, ya ƙi biya: zan iya komawa da'awata ta farko?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni manomi ne a ƙasar Ringim. Mun yi shari'ar gona da ɗan baffana, ya musa cewa ta mahaifina ce. Alƙali ya tura mu sulhu, a gaban dagaci da liman muka yarda ya riƙe gonar, ya ba ni naira dubu 800 bayan kaka. An yanke gero, an sayar da riɗi, shiru. Takardar sayen gonar kuwa tana adakar mahaifina tun da can. In warware sulhun?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba ka da wannan damar, kuma kai ka faɗi dalilin da bakinka: "tun da can". A Mukhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, Shehu Halil ya ba mai da'awa damar warware sulhu idan mai musu ya dawo ya amsa, ko aka samu shaidun da bai san da su ba, ko ya tsinci takardarsa daga baya. Kai ka san inda taka take, ka zauna ka yarda. Barin gona a karɓi kuɗi ciniki ne a wajen Malikiyya, jinkirin mai saye kuwa ba ya tayar da ciniki. Bashi kake bin sa.

Wani zai ce maka ai Imam Shafi'i bai inganta sulhu a kan musu ba, domin karɓar dukiya ne a kan haƙƙin da bai tabbata ba. Haka ya ce, Allah ya ji ƙansa, amma Malik da Abu Hanifa da Ahmad bin Hanbal sun saɓa masa, kuma hujjarsu ta fi ƙarfi. Wanda ya amsa haƙƙi biya zai yi. Mai musu shi ne ake bukatar sulhu da shi. Mai da'awa yana karɓar abin da ya yi imani nasa ne, ɗayan yana fansar kansa daga rantsuwa da jelen kotu. Ina cin haram a nan? Kotunanmu ma da Malikiyya suke hukunci. Kuma lokacin da kake jiran kuɗin ba ka nemi wannan ƙaulin ba. Idan ɗan baffan naka ya san gonar taku ce, sulhun bai wanke shi a wurin Allah ba; wannan nasa ne.

Kun mayar wa alƙali da sulhun ya rubuta? In haka ne ya zama hukuncin kotu, zartarwa kawai za ka nema. In a zauren dagaci ya tsaya, kai ƙara a kan sulhun kansa, da dagacin da limamin a matsayin shaidu.

Kada ka kai garma gonar nan da damina, nan ake zubar da jini. Ka fara tura masa babba a dangi, in babu ce ta hana shi a yanka masa biya kashi-kashi, a rubuce. Sannan gonar gado ce: 'yan'uwanka mata sun wakilta ka? Akwai marayu? Yardarka ba ta cin rabonsu, kuɗin ma ba naka ne kai kaɗai ba. Wallahu a'alam.