Mai gyaran babur ya ɗura wa kekena man birkin mota, yanzu birkin ya ƙi saki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da keken hawa dutse na gwanjo, birkinsa na mai ne, an rubuta Shimano MT200 a jiki. Sati biyu da suka wuce na kai shi faci, ina karɓowa na ji hannun birkin baya ya yi laushi, sai ya kusa taɓa kan keken kafin ya kama. Wani mai gyaran babur a layinmu ya ce mai ne ya ƙare, ya kwance notin sama ya ɗura masa man birkin mota. Ya yi kwana uku lafiya. Yanzu in na matsa ba ya komawa, tayar baya na riƙewa, ga danshin mai a jikin faifan birkin. Jiya a gangara saura ƙiris in afka wa a-daidaita-sahu. Shi dai ya ce in kawo ya ƙara. In kai masa? Daga wani mai karatu a Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ƙara tsarewa. Kada ka kai masa, kuma ka jingine keken nan tukuna. Gangaren Jos ba wurin gwajin birki ba ne.

Ciwon farko ƙarami ne ƙwarai. Mai faci ya kifa keken ƙafafu sama kamar yadda suka saba, 'yar iskar da ke cikin ma'ajiyar mai ta gangara cikin tiyo, wataƙila ma wani ya matsa hannun birkin a haka. Iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa, shi ya sa hannun ya yi lagwab. Bilidin, wato fitar da iskar daga cikin man, kawai yake buƙata, aikin da bai kai rabin awa ba. Birkin nan a rufe yake ruf, ba ya shan mai kamar inji. In ka ga man ya ja baya, ko dai takalman birki sun cinye, fistin da ke tura su ya ƙara fitowa, ko kuma akwai yoyo.

To, sai ga mutuminka da kwalbarsa. Wannan magana ta "ai mai mai ne" ta kashe birkin kekuna fiye da yadda tsufa ya kashe su, kuma kusan kullum sai na ji ta daga bakin wani. Man birkin keke iri biyu ne, kuma ba sa ga maciji da juna. Shimano, Magura da Tektro suna aiki da man da ake kira mineral, na Shimano ma ja-ja ne a ido. Hope da Avid da akasarin birkin SRAM kuwa DOT suke sha, 4 ko 5.1, dangin wanda ake zuba wa mota da babur. Na ce akasari ne don SRAM ta fito da wasu masu mineral, irin su DB8 da Maven, saboda haka sunan kamfani kaɗai bai isa hujja ba. A duba jikin hannun birkin, galibi an rubuta irin man a wurin.

Abin da ya raba su shi ne robobin ciki. Kowane birki an yi robarsa ne don irin man da zai zauna a cikinsa. A haɗa ta da ɗaya man, sai ta kumbura, ta yi laushi, ta lalace. Kuma robar da ke zagaye da fistin ba toshe yoyo kaɗai take yi ba. Ita ce ke ɗan lanƙwasawa in ka matsa, ta ja fistin baya in ka saki. Da ta kumbura sai birki ya kama ya ƙi saki, daga baya mai ya fara tsatsafowa kan faifai. Ka ga ai labarin kekenka ke nan tiryan-tiryan. Kwana ukun da ya yi lafiya su ne ke yaudarar mutane: mai gyara ya karɓi kuɗinsa ana sa masa albarka, ranar da abin zai ci mutum kuwa yana tsakiyar gangara shi kaɗai.

Na taɓa kwance wata kalifa, wato gidan fistin da takalman da ke matse faifai, da aka yi wa irin wannan aika-aika. Da na zaro robar da tsinke, ta fito kamar taliyar da ta kwana a ruwa, na yi juyin duniya ta ƙi komawa gurbinta. Mai keken yana tsaye a kaina yana rantsuwa cewa man mai tsada aka zuba masa. Tsadarsa ba ta dami roba ba. Na ga wanda aka zuba wa baƙin mai, na ga na man keken ɗinki, har wani ya ce min ai man gyaɗa ma "yana yi". Masu birkin DOT su ma ba su tsira ba, don akwai DOT 5 wanda na silikon ne, ba a gauraya shi da 4 ko 5.1 duk da lambobin sun yi kama. Abin da ke ba ni haushi, mai gyaran babur ɗin nan zai iya zama gwani a babur. Da ya ce "ban san wannan ba" da ya huta ya hutar da kai. Amma ina, a wurinmu faɗin haka kamar zubar da girma ne.

Kada wani ya ce maka a wanke cikinsa a zuba man asali shi ke nan. Robar da ta lalace ba ta dawowa, kuma Shimano ba ta saba sayar da robobin kalifa su kaɗai ba. Ka sayi saitin birkin baya gaba ɗaya, hannu da tiyo da kalifa. MT200 yana cikin masu araha, kuma yakan zo da mansa a ciki. Ka tambayi mutumin ko ya taɓa na gaba, in ya ɗura masa, shi ma sai an canja shi.

Takalman da suka sha mai a jefar. Masu gasa su a wuta wai man ya ƙone, wahala kawai suke sha. Faifan kuwa a wanke shi tas da sinadarin isopropyl, wani irin sifirit na goge-goge, da tsumma mai tsabta, sannan a auna kaurinsa: na Shimano in ya kai milimita 1.5 ya gama aiki. Takalmi kuma ana canja shi tun kafin abin da ya rage a jikinsa ya gaza milimita 0.5, kuma ƙurar hunturu tana cinye shi da wuri, sai a riƙa leƙawa. In ya yi ƙara kada a fesa masa komai mai maiƙo.

Bayan an ɗaura sabon, sassauta notin kalifa guda biyu, matse hannun birki, ka ɗaure su kana riƙe da shi, don faifan ya zauna a tsakiya. Sai ka nemi fili shimfiɗaɗɗe, ka ɗan ɗauki gudu, ka ja birki har ka kusa tsayawa, ka saki, kamar sau 20, takalmin ya saba da faifan kafin ka tunkari wata gangara. In za ka sake kai faci, ka ce a bar keken a tsaye, kuma da an cire taya ka cusa ɗan kwali mai kauri tsakanin takalman, don yaran shago ba sa ganin hannun birki su ƙyale.