Me wanda ba shi da addini yake nema a taron tunawa da mamata?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wanda bai yarda da Allah ba yana ƙaruwa da wani abu idan ya tsaya tare da masu addini a taron jama'a. Yana ƙaruwa. Duba Ingila: duk 11 ga Nuwamba, da ƙarfe 11 na safe, jama'a kan yi shiru na minti biyu don tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi. A 1919 aka fara, shekara guda bayan ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Cikin shirun nan Kirista na addu'arsa, Musulmi na karanta abin da ya sawwaƙa, shi kuwa wanda ba shi da addini yana tuna kakansa da bai dawo ba. Ba mai leƙa zuciyar wani. Makoki a cikin jama'a ya fi sauƙin ɗauka, ko kana da addini ko babu. Amma da za a tilasta wa kowa maimaita addu'ar wani, a ganina taron ya lalace.

Namu na Najeriya daban ne. Ranar 15 ga Janairu muke tuna sojojinmu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kuma masallaci da coci kowa da nasa addu'o'in.