Ɗiga ɗigon tukuna kafin ka taɓa azurfa

Jiya bayan Hajiyar nan ta tafi da wayarta ka tambaye ni abu biyu: wai zanen da take so a jikin awarwaro ba dagin namu ba ne, kuma me zai hana ka ɗora takarda a kan hoton ka bi layin ka huta. Na ce ka bari sai mun kashe wuta. To matso kusa, ɗana.

Kama da wane ba ta wane. Wannan ƙulli na mutanen Ailan da Sikotilan ne, shi ake kira aikin Keltawa. Mu muna da daginmu a gaban riga da bangon soro, su ma suna da nasu, kuma duk al'ummar da ta san tufka da saƙar tabarma hannunta zai iya kai ta ga irin wannan sarƙa.

Keltawan farko ma ba ƙulli suka fi yi ba. Tun wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa maƙeransu ke zana lanƙwasa da naɗi irin na katantanwa a jikin kuben takobi da garkuwa. Ana kiran salon La Ten, sunan wani wuri a bakin tafki a Suwizalan inda aka tsamo tarin makamansu a 1857. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ƙawanyar wuya ce da garma ta tono a Sinetisham, gabashin Ingila, a 1950. Zinariya ce gauraye da azurfa, nauyinta ya ɗan haura kilo 1. Waya 64 aka yi, kowace kaurinta bai cika milimita 2 ba. Aka murɗa su takwas-takwas suka zama igiya 8, sannan aka sake murɗe igiyoyin suka zama guda. Kai da ka san yadda waya ɗaya take taurarewa a hannu sai an yi ta mayar da ita wuta, ka auna 64, kuma duk su fito kai ɗaya. Wannan maƙeri ya ci sunansa maƙeri.

Ƙullin da ka gani sai a ƙarni na 7 ya bunƙasa, bayan Kiristanci ya kafu a tsibiran, malaman coci suna rubuta Linjila a fatar maraƙi suna ƙawata ta. Littafin Kels, na wajen shekara ta 800, mai ganye 340, yana ajiye a Kwalejin Tiriniti ta birnin Dabilin. Akwai kuma na Lindisfan, wani tsibiri a arewacin Ingila, wanda ya girme shi da kusan shekara 100, kuma a jikinsa amsar tambayarka ta biyu take. In an juya bayan shafukansa har yau ana ganin hudar tsinke da layin awo da sawun kamfas. Ashe duk gwanintar malamin da ya rubuta shi bai amince wa idonsa kaɗai ba, sai da ya auna ya huda.

Ga yadda abin yake. Ka ja gidaje masu kusurwa huɗu daidai wa daida, ka ɗiga ɗigo a tsakiyar kowane layin da ya raba gida da gida. A kan ɗigon nan igiya take gittawa, a karkace take tafiya, in ta kai bango ta juyo. Doka ɗaya ce ba ta da sassauci: sama, ƙasa, sama, ƙasa. Igiya ba ta hawa sau biyu a jere. Yawan gidajen kuma shi yake yanke maka igiya nawa za ka samu. Biyu da biyu, zobe 2 ne sarƙe da juna. Huɗu da huɗu, igiya 4. Amma uku da huɗu, igiya ɗaya tal ce za ta zagaye ko'ina ta dawo inda ta tashi. Shi kuwa hoton waya a karkace aka ɗauke shi, awarwaro kuma zagaye yake. In ba ka raba tsawonsa gida-gida ba, a mahaɗa ƙullin zai ƙi haɗuwa. Kuskure a takarda ana gogewa, a azurfa sai dai a narkar.

Yadda ƙullin ya iso wayar Hajiya kuwa, a 1850 aka tsinci wani maɓallin mayafi kusa da gaɓar teku a Ailan, aikin wajen ƙarni na 8, faɗinsa bai kai santimita 9 ba, an shimfiɗa masa zaren zinariya siriri, har bayansa da ke kwanciya a jikin tufa an yi masa ado. Wani mai sayar da gwal a Dabilin, Waterhouse, ya saye shi ya laƙaba masa sunan Tara, wani tudun sarakunan Ailan na dā, ya riƙa ƙera irinsa, aka baje shi a babban baje-kolin Landan na 1851, har Sarauniya Biktoriya ta sayi kwafi. Daga nan kasuwa ta buɗe. Wajen 1900 wani mai zane, Archibald Knox, ya zana wa kantin Liberty na Landan kayan azurfa da wannan salo, 'yan Ailan da suka yi ƙaura Amurka suka tafi da shi a zobba da duwatsun kabari.

In Hajiya ta tambaye ka ma'anar ƙullin, kada ka karanto mata abin da 'yan kasuwa ke rubutawa a intanet, wai wannan na soyayya ne wancan na tsawon rai. Masu aikin ba su bar rubutu a kan haka ba, kuma ba na son a sayar da ƙarya a maƙerar nan.

Gobe da safe ka zo da takarda da fensir. Za ka ja mini uku da huɗu sau goma, ka bi igiyar da yatsa kana faɗin sama da ƙasa da bakinka. In ta fito, sai mu gwada a kan tagulla.