Manomin da aka raba da gonarsa: amsa ga mai tambaya kan gudun hijira

Assalamu alaikum. Malam, ka tambayi abin da yake tilasta wa mutane barin garuruwansu, kuma ka ce tun da ƙungiyoyin agaji suna ba su abinci da matsuguni, wace wahala ce ta rage musu. Na ga 'yan'uwa da dama sun amsa maka da cewa yaƙi ne, kuma gaskiya suka faɗa. Ni dai zan ba ka amsa da abin da na gani a tsakar gidanmu, domin ni mutumin yankin Gidan Rumji ne a jihar Maraɗi ta ƙasar Nijar, kuma tun shekarar 2019 dangin mahaifiyata da suka gudo daga ƙasar Sabon Birni ta jihar Sakkwato suke zaune tare da mu. Da mu da su duk Gobirawa ne, sarautar garin Tsibiri na nan jihar Maraɗi da ta Sabon Birni daga gida ɗaya suka fito, muna auratayya, muna cin kasuwannin juna, saboda haka ranar da suka iso babu wanda ya kira su 'yan gudun hijira, baƙi muka ce mun yi.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, talaka ba ya barin garinsu saboda harin farko. Kawuna, yayan mahaifiyata, an kore masa shanun huɗa guda biyu da dare, ya ce Allah ya mayar da alheri, ya zauna. Bayan haka aka ɗauke matar babban ɗansa, ya sayar da gona ɗaya da tumakin gidan, dangi suka yi karo-karo aka cika kuɗin fansa, ta dawo, ya ci gaba da zama. Da abin ya tsananta a 2019 sai ya turo mana mata da yara, shi da samarin gidan suka riƙa kwana a cikin jeji suna dawowa da asuba. Ko a ƙarshen watan Mayu na 2020, lokacin da aka kashe mutum fiye da 70 a rana ɗaya a wasu ƙauyukan Sabon Birni, bai taso ba, domin damina ta kama kuma iri yana hannu. Abin da ya tayar da shi a ƙarshe shi ne lokacin da ɓarayin daji suka ɗora wa ƙauyensu harajin noma, a biya kafin shuka, a sake biya kafin girbi, sannan bayan an biya wata ƙungiyar dabam ta zo ta cinna wa rumbuna wuta. A ƙarshen 2021 ya iso gidanmu a ƙafa, babu komai a hannunsa sai hauya da ƙullin irin gero a cikin tsohon buhu. Daga wannan na fahimci cewa manomi yana jure asarar dukiya, har ma da rashin ɗan'uwa, matuƙar yana iya shiga gonarsa, amma ranar da aka shiga tsakaninsa da gona, ranar zamansa ya ƙare.

Idan aka bi asalin fitinar ma, a kan ƙasa ta faro. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka cinye burtali da makiyaya da mashayar dabbobi, rikicin da a da mai gari da arɗo suke kashewa a gindin bishiya ya koma hannun masu shari'ar da suke duban aljihu kafin su dubi gaskiya. Satar shanu ta yi ƙamari a Zamfara tun wajen 2011, kuma Fulani makiyaya ne suka fara ɗanɗana ta. Da jama'a suka ga hukuma ta yi nisa, sai aka kafa 'yan sa-kai, waɗanda wasunsu suka riƙa kashe mutum a tsakiyar kasuwa saboda kamanninsa kawai, ramuwar gayya kuwa ta faɗa kan ƙauyukan da ba su ji ba ba su gani ba. A daidai wannan lokaci makamai suka yi araha bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011, ga kuɗin zinaren Zamfara, ga dazuzzuka irin su Rugu da Gundumi da babu mai tsaronsu. Da aka gane cewa kuɗin fansar mutum ɗaya ya fi kuɗin garken shanu, sai abin ya tashi daga faɗa ya zama sana'a. Ina faɗar wannan ne domin kada a ɗauka ƙabila ɗaya ce take gudu, don a cikin waɗanda suka tsallako wurinmu akwai Fulanin da aka raba da shanunsu, kuma halin makiyayin da ba shi da garke daidai yake da na manomin da ba shi da gona.

Akwai wani dalili da ba a cika ambata ba, wato matakan da hukumomi da kansu suke ɗauka da niyyar tsaro. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Sakkwato da Katsina, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. Manufar ita ce a takura wa ɓarayi, amma mai sayar da ƙosai a kasuwa da ɗan kabu-kabu su ma sun rasa abin yi, kuma wanda aka kawo wa hari ba shi da hanyar kiran kowa. Irin wannan ya faru a jihar Difa a 2015 saboda Boko Haram, inda aka hana hawa babur da cinikin tattasai da na kifi, sannan aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi. Mutanen da harsashi bai kora ba, rashin abin yi ya kore su.

Game da yawansu, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ta ce zuwa Satumba na 2019 fiye da mutum 40,000 sun shigo jihar Maraɗi daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, kuma a watan Mayu na 2020 adadin ya haura 60,000. An buɗe matsugunai nesa da iyaka a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, amma mafi yawan mutanen ba can suka je ba, a gidajen jama'a suka sauka. Wannan shi ne gyaran farko da zan yi wa tambayarka, Malam, domin hoton da ake nunawa na layin tantuna da motar abinci ɓangare ne kaɗan na labarin. Gidanmu mai mutum tara ya wayi gari da mutum ashirin da uku, rumbun da yakan kai mu har kaka ya ƙare tun ruwa bai sauka ba, kuma tiyar gero da ake dakawa don kunun safe sai aka riƙa ƙara mata ruwa. A tsakiyar damina kwaɗon tafasa ne abincin rana. Taimakon ƙungiyoyi yana zuwa, kuma ya ceci rayuka, ba zan taɓa raina shi ba, amma yana zuwa ne ga wanda aka rubuta sunansa, ba kowane wata ba, kuma yakan ragu idan hankalin duniya ya koma wani wuri.

Wahalar da ta fi taɓa ni ba yunwar ba ce. Kawun nan nawa mutum ne da yake ɗaure dami sama da ɗari biyu a shekara, yana fitar da zakka, ana sallama a ƙofar gidansa a nemi rancen hatsi. Wata safiya na fito na tarar da shi tsugune a bakin masallaci cikin samari 'yan ƙwadago, yana jiran mai gonar da zai ɗauke shi noman yini. Da muka haɗa ido sai ya sunkuyar da kai yana gyara ƙotar hauyarsa. Na ce masa, "Kawu, don Allah ka koma gida, abin da muka samu tare za mu ci." Ya ce, "Ɗana, na sani, amma bakina ya gaji da cewa na gode." Tun daga ranar ban sake hana shi ba. Kuma da yake masu neman ƙwadago sun yi yawa, wasu masu gonaki sun karya kuɗin yini, wanda hakan ya jawo ƙorafi daga matasan gari cewa baƙi sun ɓata musu aiki. Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne, to amma idan baƙunci ya shekara biyar, haƙurin mai masauki da na baƙon duk sai sun sha gwaji, ko da kuwa jini ɗaya ne.

Mata kuwa nauyinsu ya fi na kowa. Da yawansu sun iso babu miji, wasu an kashe, wasu suna hannun ɓarayi ba a san halin da suke ciki ba, don haka mace ba ta san ko takaba za ta yi ko jira ba. Su ne masu tafiya nesa neman itacen sayarwa, su ne masu surfe da wankau a gidajen mutane. Akwai waɗanda aka yi wa abin da ba ya faɗuwa, kuma saboda kunya ba sa gaya wa kowa, sai dai ka ga mace ta daina magana, ko ta zabura da dare idan ta ji ƙarar babur. Na ga an aurar da yarinyar da ba ta isa ba, ba don iyayenta ba sa ƙaunarta ba, sai don a rage baki ɗaya a kan kwano. Yara ƙanana kuma tamowa da zazzaɓin cizon sauro suke kama su tare, kuma a daminar 2021 annobar amai da gudawa ta ratsa jiharmu, ta fi yin ɓarna inda aka cunkushe a kan rijiya ɗaya.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da mai kallo daga nesa ba zai lura da su ba. Yaron da ya kai aji biyar ana koya masa da Turancin Ingilishi, idan ya shiga lakwal a nan sai ya tarar da Faransanci, a mayar da shi cikin ƙannensa, da yawa sukan gaji su bari. Takardun haihuwa da na gona sun ƙone tare da ɗakuna. Ɗan abin da suka ɓoye a naira yake, darajarta kuwa ta yi ta faɗuwa a gaban sefa, sannan da aka sauya takardun naira a ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, tsofaffin da ba su da asusun banki sun shiga tashin hankali da tsoffin kuɗin da suke ƙulle a bakin zane. Rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yuli na 2023, duka sun tsadar da abinci a kan mai masauki da baƙonsa. Su ma ɓarayin ba su tsaya a iyaka ba, sun riƙa tsallakowa ƙauyukan Gidan Rumji da Madarunfa, har wasu da suka sauke baƙi su ma suka tashi.

Wataƙila za ka ce me ya hana su komawa idan an samu lafawa. Suna komawa, kuma wannan ne wurin da ya fi haɗari. Kowace damina maza sukan saci jiki su je su yi shuka, su kwana biyu su dawo, su sake komawa noma, suna fatan a bar su su girbe. A irin wannan zirga-zirga ake kama da yawansu. Tafiya a mota ma ba tsira ba ce, domin a Disamba na 2021 an tare wata motar fasinja a yankin Sabon Birni aka ƙone mutum fiye da 20 a cikinta. Duk da haka suna zuwa, saboda a ganinsu gara su yi kasadar rai da su ci gaba da miƙa hannu.

Shi ya sa idan wani a wannan zaure yana da niyyar taimakawa, shawarata ita ce ya duba abin da zai mayar wa mutum da sana'arsa: aron gona, iri, taki, akuya biyu ga bazawara, ko ɗan jarin da za ta soya ƙuli-ƙuli. A namu gidan, wani dattijo maƙwabcinmu ne ya ba kawu aron wata 'yar gona a bayan gari, mai jigawa, wadda aka daɗe ba a noma ba. Ya kwashe bazara guda yana kai mata takin gida da kwando a ka. Irin geron nan da ya zo da shi a tsohon buhu shi ya shuka, kuma da kaka ya ɗaure dami goma sha ɗaya. Ya ware ɗaya ya kai wa mai gonar, ya kawo wa mahaifiyata biyu, sannan ya zaɓi zangarniyar da ta fi kyau ya rataye a cikin ɗakinsa, ya ce wannan irin gonar gida ne, ba za a taɓa shi ba sai ranar komawa.