Tambaya da Amsa: Ina son buɗe wurin motsa jiki a Garwa, in sayi injin gudu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Garwa, shekara shida ina ɗaga ƙarfe, har samarin unguwa suna zuwa gidanmu ina koya musu kyauta. Yanzu na ɗauki adashe na haɗa da abin da yayana ya ba ni, kuɗin ya kai sefa miliyan 3, kuma na samu shago babba a Yelwa, haya jaka 80 a wata. Wani a Duwala ya ce zai sayar min da injin gudu, tapi ɗin nan, guda uku okaziyo, wato na hannu, a miliyan 2. In saya? Daga mai karatu a Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Amma don Allah kar ka sayi tapi ɗin nan, aƙalla ba yanzu ba.

Na san abin da ke ranka, kana so duk wanda ya leƙo ƙofa ya ga injuna a jere ya ce kai, wannan sal ce, wato wurin motsa jiki, ta gaske. Toh amma tapi da kuran yake aiki, kuma ka fi ni sanin yadda wutarmu take a nan arewa, galibinta daga madatsar Lagdo take zuwa, in ruwa ya ja baya da rani sai a shiga ɗauke-ɗauke, in kuma ta dawo da ƙarfi ta ƙona kan injin, sai ka nemi regilato mai daidaita ƙarfin wuta, sai ka nemi gurup, wato janareta, da mansa, ga ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin bel ɗin tana cinye shi, in wani abu ya lalace kuma sai an aiko daga Duwala ko an tsallaka Yola nema. Na taɓa shiga wata sal da idona na ga tapi biyu an lulluɓe su da zani, samari sun ɗora wayoyinsu da gorunan ruwa a kai, mai wurin ya ce min wata huɗu kenan yana jiran kayan gyara. Wallahi ya ba ni tausayi, don rabin jarinsa ne ke kwance a wurin.

Benci, abin rataya ƙarfe da sandar jan jiki duk mai walda na kirki zai haɗa maka su a nan cikin gari, kai dai ka tsaya a kansa ya sa ƙarfe mai kauri kuma ka gwada da nauyi kafin ka biya. Ka sayi ƙarafan hannu da farantan nauyi masu kyau, keken motsa jiki biyu ko uku marasa buƙatar wuta, igiyar tsalle, tabarmar roba, madubi. Sannan fanka, fanka da yawa, da tagogi masu shan iska, don a Maris da Afrilu zafin Garwa yana wuce digiri 40, ba wanda zai biya kuɗi ya shiga tanda. Ruwan sanyi kar ya yanke ko da na randa ne, banɗaki kuma ya zama fes.

Yanzu zo mu yi lissafi da kuɗinka. Haya 80,000. In ka ɗauki yaro ɗaya mai taimaka maka, mafi ƙarancin albashi a doka tun 2023 sefa 60,000 ne ga irin wannan aiki, kuma sai ka yi masa rajista a CNPS, asusun inshora da fanshon ma'aikata. Mu ƙaddara wuta, ruwa da sabulu 40,000. Ya zama 180,000 kenan duk wata kafin ka sa ko dala a aljihu. In abonma ɗinka, wato kuɗin da mutum zai biya a wata, jaka 6 ne, sai mutum 30 sun biya, kowane wata, sannan ka tashi ba riba ba faɗuwa. Shi ya sa nake so ka ware kuɗin haya na wata shida ka ajiye gefe ka manta da su. Takardu kuwa ka je CFCE, ofishin buɗe kamfani, ka yi rajista ka samu lambar haraji, kar ka jira sai an zo rufe maka ƙofa.

Su wa za su zama mutum 30 ɗin nan? A nan nake so ka buɗe kunne. Samarin da ka saba koya wa kyauta su ne za su fara cika wurin, su ne kuma za su fi ba ka wahalar biya, "Oga bari zuwa Juma'a" har wata ya ƙare. Ka sa musu kuɗin shiga na rana ɗaya, ɗari biyar misali, a biya a ƙofa, ko ta Orange Money ko MoMo, abokinka ne ko ɗan gwaggonka ne. Masu riƙe maka wurin su ne magidanta, ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda likita ya ce musu hawan jini ko ciwon suga ya kama su, su rage teɓa. Irin wannan Alhajin ba ya son kiɗa mai fasa kunne, ba ya son yara su tsaya suna kallonsa yana haki, yana son ya zo bayan sallar asuba a gaishe shi da mutunci, a auna masa jini, a nuna masa abin da zai yi a hankali. Hukumar lafiya ta duniya ta ce babba yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar, ka tsara masa hakan a takarda da sunansa. In jininsa ya hau sosai ka ce ya fara ganin likita. In ya yi kwana uku bai zo ba ka buga masa waya ka ce Alhaji lafiya muka ji shiru? Wannan kiran na sefa hamsin yana dawo da jaka 6.

Sai mata. Iyayenmu da yayyenmu da yawa suna so, wurin zuwa ne babu. Ka ware musu lokaci da hantsi bayan yara sun tafi makaranta, ƙarfe 9 zuwa 11, labule a sauke, mace ce za ta koyar, kai kanka ka fita waje. Ran da namiji ɗaya ya leƙa, magana za ta zagaya unguwa kuma ba za su dawo ba.

Allurai da ƙwayoyin kumbura jiki kar su shigo maka shago ko da wasa, suna taɓa hanta da zuciya. Azumi kuma ka shirya masa tun yanzu, da rana wurin zai zama wayam, sai ka mayar da buɗewa bayan tarawi zuwa sha biyun dare. In ka yi shekara kana da mutum 50 masu biya ba fashi, ka sake rubuto min mu yi maganar tapi guda ɗaya.